Ɗan Mowa da Ɗan Bora a Kan Babur



Mu mutanen Bodinga da Shagari ba mu da filin tseren babur. Abin da muke da shi kwalta ce guda, wadda ta taso daga Sakkwato ta ratsa mu ta nufi Tambuwal da Jega, sai hanyoyin burji da na rairayi masu shiga ƙauyuka. Amma babur kam mun san shi ciki da bai. Da shi ake kai mai naƙuda asibiti, da shi ake fito da buhun albasa daga fadama, kuma da kuɗin kabu-kabu da yawanmu suka yi karatu ko suka yi aure. Da wayoyin hannu suka kawo mana gasar tseren babur ta duniya, wato MotoGP, har cikin majalisa, gudun ya ba mu mamaki, domin a 2023 wani ɗan Afirka ta Kudu mai suna Brad Binder ya haura kilomita 366 a awa ɗaya a filin Mugello na Italiya. Sai dai mamakin gudu bai daɗe ba. Abin da ya zaunar da mu shi ne mun ga maigida ɗaya da yara biyu, mun kuma ji irin ƙorafin da muka saba ji a bakin tasha: wane ɗan mowa ne, wane ɗan bora.

Ga wanda bai san gasar ba, ga yadda take. Manyan kamfanonin ƙera babura irin su Honda, Yamaha da Ducati kowanne yana da tawagarsa, kuma a tawagar akwai mahaya biyu. Kayansu kala ɗaya, garejinsu ɗaya, baburansu iri ɗaya. Wanda ya zo na ɗaya a tsere yana samun maki 25, na biyu 20, na uku 16, a ƙarshen shekara a tara a fitar da zakara. Idan mahayin wani kamfani ya wuce ka, kana da abin faɗa: ai injinsa ya fi naka. Idan kuwa abokin aikinka ne ya wuce ka a kan babur irin naka, bakinka ya mutu. Shi ya sa a wannan sana'a babu wanda mahayi ke tsoro kamar mutumin da suke shan inuwar gareji ɗaya. Shi ne ma'aunin da ake auna shi da shi, kuma da wannan ma'auni ake yanke albashi da sabunta kwantiragi.

Haka abin yake a wajenmu. Alhaji zai sayi Boxer biyu ko uku ya raba wa samari, kowa ya riƙa kawo balas da yamma. Ba a auna ɗan kabu-kabu da yaron wani gida, da ɗan gidansu ake auna shi. Idan wane ya kawo cikakke kai ka kawo da giɓi, tambayar da za ka sha ita ce, shi a wace hanya ya bi? Wannan gasa ba laifi ba ce, tana sa mutum ya yi sammako. Tana zama guba ne ranar da aka taɓa ma'aunin a ɓoye.

Bari mu fara da labarin da duk mai bin wannan gasa ya sani. Valentino Rossi ɗan Italiya ya bar Honda ya koma Yamaha a 2004, lokacin da rabon kamfanin da kambun babban aji tun 1992. A tserensa na farko, a Welkom ta Afirka ta Kudu, ya yi nasara, ya kuma ɗauki kambun 2004 da na 2005. Yamaha ta zama tamkar gidansa. Sai a 2008 kamfanin ya ɗauko Jorge Lorenzo, matashi ɗan Sifaniya wanda ya ci kambun ƙaramin aji a 2006 da 2007, wanda kuma Rossi ya girme shi da shekara 8. Yaron bai zo gaisuwa ba. A tserensa na uku, a Estoril ta Fotugal, ya zo na ɗaya.

A wannan shekara aka kafa katanga a tsakiyar garejin Yamaha. Dalilin da aka bayar mai ƙarfi ne: Rossi yana hawa da tayoyin Bridgestone, Lorenzo da na Michelin, kuma kowane kamfanin taya yana tsare sirrinsa. To amma a 2009 kowa ya koma Bridgestone, katangar kuwa ba ta gusa ba. Nan kowa ya gane ba taya take tsarewa ba. Kwamfutar da ke jikin babur tana naɗe komai: inda mahayi ya taka birki, inda ya murɗa totur, yadda ya kwanta a kwana. Wanda ya ga bayananka ya ga shekarun da ka yi kana koyo. Rossi yana ganin shi ya raini babur ɗin har ya zama abin da ya zama, don me wani zai zo ya tarar da tuwo a tuƙe? Lorenzo kuma yana ganin an ɗauko shi ne don ya ci gasa, ba don ya riƙe wa wani jaka ba.

Duk wanda ya ga tseren Basalona na watan Yunin 2009 ya san zafin da abin ya kai. Su biyun suka yi ta musayar gaba a zagayen ƙarshe, har Rossi ya kutsa a kwanar ƙarshe inda ba a saba wucewa ba, ya ci da tazarar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba. Ya ɗauki kambun shekarar, amma ya riga ya ga abin da ke tafe, har ya fito fili ya nuna cewa dole Yamaha ta zaɓi ɗaya a cikinsu. Yamaha ta ƙi cewa ga na ɗaya ga na biyu. A Yunin 2010 Rossi ya karye a ƙafa a Mugello, ya rasa tsere 4, Lorenzo ya zama zakara da maki 383. Rossi ya tattara ya koma Ducati, ya yi 2011 da 2012 bai ci tsere ko ɗaya ba. A 2013 ya dawo Yamaha, garejin babu katanga.

Darasin farko ke nan, kuma ɗaci gare shi. Wanda ya saba da fifiko, ranar da aka daidaita shi da wani sai ya ji kamar an zalunce shi. Ba kowane kukan son kai ne gaskiya ba. Mun sha ganin haka a tasha: babban yaron gida da ya daɗe shi kaɗai, da an kawo ƙarami mai zafin nema sai ya fara cewa Alhaji ya canza masa. Alhaji bai canza ba, ma'auni ne ya samu.

Amma akwai inda kukan yake da tushe. A 2006 Honda tana da Nicky Hayden ɗan Amurka da Dani Pedrosa ɗan Sifaniya. Pedrosa rainon Honda ne, a kan baburanta ya ci kambu a 2003, 2004 da 2005 a ƙananan azuzuwa, kuma Repsol, kamfanin man da ke zuba kuɗi a tawagar a lokacin, na ƙasarsu ne. Hayden shi ke gaba a maki, saura tsere biyu a gama, yana gaban Rossi da maki 12. Ranar 15 ga Oktoba a Estoril, Pedrosa ya yi yunƙurin wuce shi a kwana, babur ya kufce masa, ya kwashe Hayden suka zube tare. Wanda ke gaba da 12 ya koma baya da 8, kuma ɗan gidansu ne ya kayar da shi. Makonni biyu bayan haka a Balensiya, Pedrosa ya buɗe masa hanya ya wuce, Rossi ya faɗi, Hayden ya zo na uku ya zama zakaran duniya da tazarar maki 5.

A tunaninmu na 'yan tasha, wanda ya kawo kambu gida shi za a tambaya wane irin babur yake so baɗi. A 2007 doka ta rage girman inji daga 990 zuwa 800, Honda ta fito da babur ɗan tsurut. Pedrosa gajere ne marar nauyi, Hayden ya fi shi jiki nesa ba kusa ba, kuma masu sharhi da yawa sun ce da ganin babur ɗin ka san wa aka auna. A tsakiyar 2008 aka sauya wa Pedrosa taya zuwa Bridgestone, Hayden ya ci gaba da Michelin. Hayden bai ƙara cin tsere a wannan aji ba, a 2009 ya koma Ducati. Shi kuwa Pedrosa ya ci tsere 31 a babban aji, ya zo na biyu a 2007, 2010 da 2012, amma bai taɓa ɗaukar kambun ba, kuma ya daɗe yana jan sunan shafaffe da mai duk da cewa gwani ne na gaske.

Wannan labari ya taɓa mu ne saboda mun ga irinsa da idonmu. Wani ɗan kasuwar albasa a unguwarmu, da ba za mu kama suna ba, ya sayi Boxer biyu rana ɗaya. Ɗaya ya ba ɗan ƙanwarsa, ɗaya ya ba wani yaro da ya zo daga wani ƙauye ta wajen Kajiji. Balas ɗinsu ɗaya. Duk wanda ya yi masa maganar yaran sai ya ce, "Duka ɗiyana na, ban bambanta kowa ba." A baki haka ne. Amma mashin ɗin ɗan ƙanwa ko tari ya yi an kai wa bakanike, kuɗin baƙin mai da fulogi da sarƙa daga aljihun Alhaji. Na ɗaya yaron kuwa, kuɗin gyara daga cinikinsa ake cirewa. Malaman da ake kaiwa makarantun ƙauye suna biya a wata, da 'yan kasuwar da ke aiko da kaya, duk lambar ɗan ƙanwa ake ba su. Da yamma kuma a jera su biyun a ce wane ya cika, wane bai cika ba.

Me yaron zai yi? Ya fara ɗaukar mutum uku, ya fara dakon dare, ya fara jinkirta sauya taya har ta suɗe. Ya fara rige-rigen fasinja da wanda suke cin tuwo a kwano ɗaya. Wata ranar kasuwa suka hango fasinja a bakin kwalta, kowa ya murɗa, suka haɗu a gabansa. Ɗaya ya karye a hannu, ɗaya ya yi makonni yana ɗingishi, mashin biyu suka kwanta a gareji. Da muka je dubiya, abin da yaron ƙauyen ya faɗa wa wani dattijon bakanike bai bar mu ba. Ya ce, "Baba, da Alhaji ya ce mani tun farko wane ɗana na, kai bare, wallahi da na san matsayina. Amma ya ce mu ɗaya muke, kullum kuma ni ka zama raggo."

A nan maganar take. Ba mu ce maigida ba shi da ikon fifita wani ba. Dukiyarsa ce, jini kuma ba wasa ba ne, ko kamfani yana da dalilinsa na kasuwa da na masu zuba kuɗi. Abin da ke rusa gida shi ne a fifita a ɓoye, a musa a fili, sannan a ɗauko sakamakon a ce shi ne shaidar wanda ya fi ƙwazo. Ɗan bora ya yi asara sau biyu, an rage masa kayan aiki an kuma ɓata masa suna. Ɗan mowa ma bai tsira ba. Ɗan ƙanwar Alhajin nan mahayi ne nagari, mai sammako, marar ganganci, amma har yau idan aka yabe shi a majalisa sai wani ya ce ai da gata. Gatan da bai roƙa ba ya cinye masa yabon da ya cancanta. Maigidan kansa ya rasa abin da ya fi bukata, wato sanin gaskiyar yaransa, domin wanda ya danne sikeli da yatsa ba zai taɓa sanin nauyin kayansa ba.

Ɓoye-ɓoye ko a inda fifikon yake da hujja ba ya haifar da ɗa mai ido. A 2017 Lorenzo ya koma Ducati ya tarar da Andrea Dovizioso, wanda a shekarar yake neman kambu da Marc Marquez na Honda. Lorenzo ba ya cikin lissafin kambu, don haka kowa ya san abin da hankali zai ce: ya ba abokin aikinsa hanya. Maimakon a faɗa da baƙi da fari, sai aka riƙa aika masa saƙo a allon babur mai kama da shawarar ya sauya saitin inji zuwa lamba 8. Hannunka mai sanda ke nan. A Sepang ta Malesiya Lorenzo ya buɗe a wata kwana, Dovizioso ya wuce ya ci. A tseren ƙarshe a Balensiya saƙon ya yi ta fitowa zagaye bayan zagaye, har aka ɗaga masa allo a bakin fili, bai kauce ba. Daga baya ya ce yana ƙoƙarin jan Dovizioso ne su kamo na gaba. Dukansu suka faɗi, Marquez ya ɗauki kambu. Duniya ta gane ma'anar lamba 8, aka yi ta dariya, kamfani ya koma bayani. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ko da ta kwamfuta aka haƙa shi.

To yaya za a bambance kukan gaskiya da na wanda aka fi? Dattijon bakaniken nan yana da gwaji mai sauƙi da muka ga ya yi aiki. Wani yaro a wani gidan ya dame shi da cewa an ba ɗan uwansa mashin mai lafiya an bar shi da kwarakwasa. Sai ya ce wa maigidan, "Alhaji, a musanya musu makulli mako guda." Aka musanya. Balas bai sauya ba, mai cikawa ya ci gaba da cikawa, mai giɓi ya ci gaba da giɓi. Maganar ta mutu ba tare da an yi faɗa ba. Da sakamakon ya juya, da maigida ne zai ji kunya. Abin lura shi ne maigidan da ba ya ɓoye komai ba ya tsoron musayar makulli. Wanda ya ce a'a, ya riga ya ba da amsa.

Buɗe komai ba ya kashe gasa, kuma ba ma so ya kashe ta. Bayan Rossi ya dawo Yamaha babu katanga, shi da Lorenzo suka sake karawa a 2015 har tseren ƙarshe. Rikicin da ya ɓarke tsakanin Rossi da Marquez a Sepang ya sa aka hukunta Rossi ya tashi daga sahun ƙarshe a Balensiya, ya kutsa har na huɗu, Lorenzo ya ci kambu da maki 330, Rossi 325. An yi ɗacin rai, an yi zarge-zarge, magoya baya har yau ba su daina musu ba. Amma musun a kan abin da ya faru a kwalta ne, ba a kan wa aka ba babur mai kyau ba. Zo mu zauna zo mu saɓa, wannan dole ne. Saɓanin da aka yi a fili yana warkewa, wanda aka binne shi ke ruɓewa.

Ba muna haɗa manya da mahaya babur ba, amma mu da muka tashi a wannan yanki muna da abin koyi a ƙofar gida. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Sifawa, ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna a Bodinga. A 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa, yamma ga Abdullahi, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello. Ga ƙane ga ɗa, dukansu malamai, dukansu jagorori, kuma bai bar jama'a suna hasashen wa ke da ina ba. Ya faɗa, kowa ya ji. Idan aka iya fayyace rabon ƙasa guda a bainar jama'a, rabon mashin biyu bai kamata ya gagare mu ba.

Saboda haka roƙonmu ga iyayenmu masu ba da babura kaɗan ne. Idan akwai na gaban goshi, a faɗa tun ranar ba da makulli, a kuma rage wa ɗayan balas gwargwadon abin da aka rage masa. Kuɗin gyara ya zama doka ɗaya ga kowa, a rubuta a littafi. Fasinjan wata da aiken 'yan kasuwa a riƙa juyawa. Idan ƙorafi ya taso, a musanya makulli kafin a musanya baƙar magana. Ga 'yan uwanmu masu hawa kuma, kafin ka ce an fifita wane, duba ƙarfe nawa yake fitowa, ƙarfe nawa kake fitowa. Idan ka tabbata an danne ka, faɗa wa maigida a gaban dattijo, ko ka ajiye makulli cikin mutunci. Kada ka kai ƙarar kan kwalta. Mahayan MotoGP suna da rigar fata, hular kwano, filin tsakuwa da ke tare su idan sun zube, da likitoci a bakin fili. Kai silifa gare ka, bayanka kuma matar wani ce da goyo, ga tirela na tahowa daga Jega.

Allah ya kiyaye hanya, ya ba masu gida adalci, ya sa wa nema albarka. Sai wani makon.